Mikhail Tsvet: Mutumin Da Ya Yi Rubutu Da Launi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram ba kamar a rayuwar wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha mai suna Mikhail Tsvet. A harshen Rashanci ma'anar kalmar tsvet ita ce launi, shi kuwa wannan bawan Allah ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken launukan da ke cikin ganye, har ya gano hanyar da masana kimiyya ke bi a yau wajen rarrabe abubuwan da suka cakuɗe.

Wataƙila mai karatu ya tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshe da masanin tsirrai? Kalma ce ta haɗa mu. Na taɓa zama ɗaki ɗaya da wani ɗalibin kimiyyar sinadarai. Wata rana ya dawo da yamma a gajiye, ya ce mini wuni ya yi yana tarar tururi daga bakin wata na'ura, yana kama shi kashi-kashi a cikin 'yan kwalabe masu sanyi, domin a kai wa wata na'urar ta faɗi ko mene ne a cikin kowane kashi. Na tambaye shi sunan aikin, ya ce kuromatogirafi na iskar gas. Halin ɗalibin harshe, sai na feɗe kalmar. Na tarar daga Girkanci take: kashin farko na nufin launi, na biyu na nufin rubutu. Na koma na tambaye shi ina launin yake a cikin tururin da ido ba ya gani? Ya yi dariya ya ce wannan kam ba a koya musu ba. Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni ga tarihin da zan bayar a nan.

Haihuwarsa Da Tashinsa

An haifi Mikhail Semyonovich Tsvet ranar 14 ga Mayu, 1872, a garin Asti da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa Semyon Tsvet ma'aikacin gwamnatin Rasha ne, mahaifiyarsa kuwa Maria Dorozza 'yar asalin Italiya ce. Ba a daɗe da haihuwarsa ba ta rasu, don haka ya tashi maraya a ƙasar Suwizalan, da farko a Lausanne, daga baya a Geneva. Waɗannan garuruwa na masu magana da Faransanci ne, kuma da Faransanci ya yi karatunsa. Ga yaro ɗan Barashe, haifaffen Italiya, tasowar Suwizalan. Ko sunansa ma bai tsaya a rubutu ɗaya ba, domin a mujallun Jamus Tswett ake rubutawa, wasu kuma su rubuta Tsvet.

Ya yi karatu a Jami'ar Geneva, inda ya sami digirin farko a 1893. A 1896 ya kammala digirin digirgir a fannin tsirrai, bayan ya yi bincike a kan yadda ƙwayoyin halittar tsiro suke aiki.

Komawarsa Rasha

A shekarar ta 1896 ya nufi ƙasar mahaifinsa da takardun shaidarsa, yana sa ran samun aikin koyarwa a jami'a. Can ya tarar hukumomin Rasha ba su amince da digirin ƙasashen waje ba. Mutumin da ake kira dakta a Geneva sai ya zama kamar bai taɓa shiga aji ba. Ya sami wurin raɓawa a wani ɗakin binciken halittu da Pyotr Lesgaft ya kafa a birnin St. Petersburg, yana bincike yana kuma koyar da mata ilimin tsirrai. Haka ya sake sabon lale. A 1901 ya sami digiri na biyu a Jami'ar Kazan, sannan a 1902 ya tafi Warsaw, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha, ya kama aikin mataimaki a ɗakin binciken jami'ar garin. Bai sami digirin digirgir na Rasha ba sai a 1910, wato shekara 14 bayan wanda ya yi a Geneva.

A Warsaw ya yi shekarunsa mafiya albarka. Nan ya yi aure a 1907, ya kuma koyar a makarantar likitancin dabbobi da kwalejin fasaha ta garin.

Tambayar Da Ta Hana Shi Barci

Masana sun daɗe da sanin cewa koren ganye daga wani sinadari ne da ake kira kulorofil, wanda da shi tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa. Sun kuma lura da wani abin ɗaure kai. Idan aka jiƙa ganye a cikin wani tataccen man fetur mara nauyi, sai rawayan launi kawai ya fito, koren ya ƙi sakin ganyen. Amma da an ɗiga barasa kaɗan a ciki, sai duk launukan su fito baki ɗaya. Alhali kuwa idan an riga an fitar da kulorofil daga ganye, yana narkewa sarai a cikin wannan mai. To, me ke riƙe shi?

Tsvet ya yi hasashen cewa launin manne yake da jikin ganyen, barasar ce ke ɓamɓare shi. Don ya tabbatar, sai ya tsotse ruwan launin da takardar tata ya shanya, ya gwada ta kamar yadda ake gwada ganye. Takardar ta yi daidai abin da ganyen ya yi. Daga nan ya gane cewa kowane launi da irin ƙarfin da yake kama jikin abu, kuma ana iya amfani da wannan bambanci a raba su.

Ya gwada garin abubuwa fiye da 100 don ya ga wanda ya fi dacewa, cikinsu har da garin alli da garin sukari. Yakan cika siririn bututun gilashi da garin ya danna shi sosai, ya zuba ruwan ganye ta sama, sannan ya riƙa bin sa da tataccen mai yana gangarawa a hankali. Koren nan da ido ke gani abu ɗaya sai ya warwatsu ya zama zobba-zobba a jikin farin garin. Wani rawaya mai ruwan lemo, wanda ake kira karotin, ba ya tsayawa ko kaɗan, wucewa yake ya fita ta ƙasa. Koren kansa ya rabu biyu, mai ratsin rawaya a sama, mai ratsin shuɗi a ƙasansa, waɗanda a yau ake kira kulorofil b da kulorofil a. Ga kuma wasu zobban rawaya a sama da ƙasa.

Misalin da ya fi taimaka mini wajen fahimtar abin shi ne na ayarin mutane da suka shiga kasuwa tare ta ƙofa ɗaya. Baƙon da bai san kowa ba zai ratsa ya fita nan da nan. Ɗan gari mai jama'a kuwa sai ya tsaya gaisawa a kowace rumfa. Duk da tare suka shiga, ɗai-ɗai za su fita, kowa gwargwadon yawan masu riƙe shi.

Bayan zobban sun rabu, Tsvet yakan turo dunƙulen garin daga cikin bututun, ya sa wuƙa ya yanka shi zobe-zobe. Kowane yanki sai ya wanke launinsa daban, ya duba shi da na'urar rarraba haske don ya san ko mene ne. A riƙe wannan mataki da kyau, domin shi ne kakan aikin da abokin zamana ya wuni yana yi: a raba, a tattara kowane kashi daban, a kai shi inda za a gane shi.

Ya yi bayanin hanyar a gaban ƙungiyar masana halittu ta Warsaw ranar 21 ga Maris, 1903. A 1906 ya buga maƙaloli biyu da Jamusanci a mujallar ƙungiyar masana tsirrai ta Jamus, kuma a nan ne ya raɗa wa hanyar suna kuromatogirafi. Tun a lokacin ya nuna cewa abubuwa marasa launi ma wannan ƙa'ida suke bi. A nan na sami amsar tambayata. Sunan ya samo asali ne daga ganye, amma mai sunan ya hango cewa aikin zai wuce launi. A 1910 ya tattara bincikensa a babban littafi da Rashanci, wanda ya jawo masa kyautar Cibiyar Kimiyya ta Rasha. Shi ne kuma ya ƙirƙiro sunan karotinoyid a 1911, wanda ake kiran dangin rawayan launukan nan da shi har yau.

Dalilin Da Ya Sa Aka Yi Watsi Da Shi

Mai karatu zai yi zaton duniya ta rungumi wannan dabara hannu bibbiyu. Ba haka aka yi ba, kuma dalilan suna da yawa.

Na farko, manyan masana sinadarai na zamanin sun ɗauke shi masanin tsirrai ne da ya shiga gonar da ba tasa ba. A wurinsu ba a yarda an tace abu sai an samu mai yawa, an ga ya daskare ya zama ƙwayoyi kamar gishiri. Ɗan abin da ke fitowa daga bututun Tsvet bai kai ya burge su ba. Leon Marchlewski na Krakow ya soke shi da kakkausan harshe.

Na biyu, Richard Willstätter, wanda ya fi kowa suna a binciken kulorofil har ya sami kyautar Nobel a 1915, ya gwada hanyar tare da ɗalibinsa Arthur Stoll. Garin da suka yi aiki da shi ya lalata kulorofil ɗin, sai suka yanke hukuncin cewa hanyar ba ta dace ba. Idan babba ya yi magana, yara sai su bi.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Maƙalolinsa na Jamusanci a mujallar tsirrai suka fito, inda masana sinadarai ba su cika leƙawa ba. Cikakken bayanin kuwa, wanda ya ƙunshi irin garin da ya dace da kowane aiki, yana cikin littafin Rashanci, harshen da ƙalilan ne ke iya karantawa a jami'o'in Jamus da Faransa da Ingila. Ilimin yana nan a rubuce, amma ƙofarsa a kulle take ga mafi yawan masu buƙatarsa.

Yaƙi, Gudun Hijira Da Rasuwarsa

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. A 1915 sojojin Jamus suka kama Warsaw, aka kwashe kwalejin da yake koyarwa zuwa Mosko, daga can kuma zuwa Nizhny Novgorod a 1916. Littattafansa da takardun bincikensa duk a Warsaw suka salwanta. A 1917 ya sami abin da ya yi shekara 20 yana nema, wato kujerar farfesa, a Jami'ar Yuryev, garin da a yau ake kira Tartu a ƙasar Istoniya. Aka kuma ba shi shugabancin lambun tsirrai na jami'ar. Murna ba ta daɗe ba, domin a farkon 1918 Jamusawa suka shiga wannan garin ma, malaman Rasha suka yi ƙaura zuwa Voronezh.

Ya isa Voronezh lafiyarsa ta riga ta taɓarɓare, ga yaƙin basasa, ga ƙarancin abinci. Ranar 26 ga Yuni, 1919, rai ya yi halinsa, yana da shekara 47. Ya rasu bai ga hanyar da ya gano ta karɓu ba.

Yadda Aikinsa Ya Farfaɗo

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya. Akwai 'yan ƙalilan da suka riƙe hanyar, kamar Leroy Palmer na Amurka, wanda ya yi amfani da ita wajen binciken rawayan launin madara da man shanu, ya kuma yi bayaninta a littafinsa na 1922. Wannan littafi ne ya faɗa hannun wani matashi mai suna Edgar Lederer, wanda ke aiki a ƙarƙashin Richard Kuhn a Heidelberg ta ƙasar Jamus. Kuhn tsohon ɗalibin Willstätter ne, kuma ta hannun malaminsa aka sami wata fassarar littafin Tsvet zuwa Jamusanci wadda ba a buga ba. Da wannan fassara a gabansu, a 1931 Kuhn da Lederer da Alfred Winterstein suka raba rawayan launin gwaiduwar ƙwai gida biyu, aka kuma nuna cewa karotin ma ba iri ɗaya ba ne. Cikin 'yan shekaru hanyar ta game ɗakunan bincike na Turai, shekara 25 bayan maƙalolin 1906.

Daga Ganye Zuwa Tururi

A 1941 wasu 'yan Ingila biyu, Archer Martin da Richard Synge, suna aiki a cibiyar binciken ulu da ke Leeds, suka faɗaɗa dabarar, suka kuma yi hasashen cewa iskar gas za ta iya maye gurbin ruwan da ke gangarawa. A 1952, shekarar da suka sami kyautar Nobel, Martin da Anthony James suka tabbatar da wannan hasashe a Landan, inda suka raba sinadaran kitse ta hanyar tururi.

Ga yadda abin yake. Ana ɗiga ɗan samfuri a wuri mai zafi ya zama tururi. Wata iska da ba ta haɗuwa da komai, kamar hiliyom ko naitirojin, sai ta kora shi cikin dogon bututu da ke naɗe a cikin tanda, wanda aka shafe cikinsa da wani abu mai riƙe sinadarai. Irin siraran bututun da aka fi aiki da su yanzu sukan kai mita 30. Kamar dai ayarin kasuwar nan, sinadaran sukan fito ɗai-ɗai. Sai dai lokacin fitowa kaɗai ba ya isa shaida, domin abubuwa biyu mabambanta suna iya fitowa a lokaci guda. Ana buƙatar wata na'urar da za ta faɗi ainihin abin da ya fito.

Wani abin mamaki shi ne, a shekarar da Tsvet ya rasu, wato 1919, Francis Aston ya ƙera na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra a Cambridge, wadda da ita ya tabbatar cewa iskar niyon iri biyu ce, mai nauyi 20 da mai nauyi 22. Jikokin wannan na'ura sukan harbi ƙwayar sinadari da lantarki ta farfashe, sannan su jera gutsattsarin bisa nauyinsu. Kowane sinadari da irin yadda yake farfashewa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa.

Matsalar ita ce na'urorin biyu ba su jitu ba. Ta farko tana fitar da iska mai yawa, ta biyu kuwa ba ta aiki sai an zuƙe iskar cikinta kusan ƙaf. Don haka a shekarun 1950 da hannu ake haɗa su. Mai bincike yakan tsaya a bakin bututun da ɗan lanƙwasasshen gilashi da aka tsoma cikin busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, ko cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Da alƙalamin na'urar ya fara nuna wani abu na fitowa, sai ya tara gilashin, tururin ya daskare a ciki, iskar da ta koro shi ta wuce. Kafin na gaba ya iso sai ya yi maza ya canja wani gilashin. Aiki ne mai son natsuwa. In aka makara kashi biyu su haɗe, wani lokaci tururin ya zama hazo ya sulale, wani lokaci kuma danshin iska ya shiga ya gurɓata abin da aka tara. Sanyi ne ya maye gurbin wuƙar Tsvet, amma manufar ba ta canja ba.

A tsakiyar shekarun 1950 Roland Gohlke da Fred McLafferty suka haɗa na'urorin biyu kai tsaye a Amurka, kuma a 1964 Ragnar Ryhage na Suwidin ya fito da hanyar rage iskar kafin ta shiga na'ura ta biyu. Irin wannan haɗaɗɗiyar na'ura ce kumbunan Viking suka kai duniyar Mars a 1976. Da ita ake gwada fitsarin 'yan wasa, ake gano guba a jini da ragowar maganin ƙwari a abinci. Har yanzu akan tara kashi da hannu idan ana son a ajiye abin da aka raba don wani gwajin, kamar yadda abokin zamana ya yi.

Kammalawa

Da na ba wani ɗan ajinmu wannan labari, sai ya ce ai darasin a fili yake: wanda ya rubuta ilimi da harshen da duniya ba ta karantawa ya binne shi, saboda haka mu daina wahalar da kanmu da rubuta kimiyya da Hausa. Na daɗe ina juya wannan magana, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma da na sake duba tarihin, sai na ga Tsvet ya yi rubutu da Faransanci da Jamusanci da Rashanci, kuma duk da haka aka yi watsi da shi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗauki cikakken bayanin daga wannan harshe ya kai shi wancan a kan lokaci. Ranar da fassara ta isa hannun wanda ya dace, cikin ƙanƙanen lokaci aka yi abin da ya gagara shekara 25.

Wannan gurbi namu ne, mu ɗaliban harshe. Abokin zamana yana da na'ura amma bai san ma'anar sunanta ba, ni kuma na san ma'anar sunan amma ban taɓa kunna na'urar ba. Manomin da za a gwada wakensa da ita, da mahaifin da za a gwada jinin ɗansa, suna da haƙƙin a yi musu bayani da harshen da suke ji. Tsvet bai ji nauyin ɗinka kalmomin Girkanci biyu ya yi wa aikinsa suna ba, kuma sunan ya zauna fiye da shekara 100. Ni a nawa ɓangaren na fara kiran aikin da tatar launi, kodayake na san tururi ba shi da launi, kamar yadda shi ma mai sunan ya sani. Idan wani daga cikin masu karatu yana da sunan da ya fi wannan dacewa, ina roƙon ya kawo shi a fitowa ta gaba mu tattauna.